Hoton Janar Eliyot Mai Riƙe da Mabuɗi

A birnin Landan, cikin babban ɗakin ajiye zane-zane na ƙasar Ingila, akwai hoton wani dattijon Janar, Eliyot, wanda Joshua Reynolds ya zana a shekarar 1787. Yana tsaye a kan dutse da jar rigar soja, ga tauraron girmamawa a ƙirji, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayansa. Amma ba takobi ya zare ba. Wani ƙaton mabuɗi ne ya riƙe, sarƙarsa a naɗe a hannunsa.

Asalin mabuɗin nan ke nan. Jibiralta wani tsauni ne a bakin mashigin Bahar Rum, wanda Ingilishi suka ci a 1704. A 1779 Sifaniyawa suka kewaye shi ta ƙasa da ta ruwa, daga baya Faransawa suka taya su. Eliyot ne Gwamna. Shekara 3 da wata 7 ana tsare da su, abinci ya yi wuya, cuta ta shiga barikin, amma ya ƙi ba da gari. Ran 13 ga Satumba 1782 abokan gaba suka kawo jiragen ruwa 10 ɗauke da igwa, waɗanda aka gina musamman don rushe ganuwa. Sai ya sa aka riƙa gasa harsasan igwa har su yi jawur, ana harba musu, jiragen suka kama wuta. Hayaƙin ranar ne mai zane ya sa a bayansa. Igwar da ke gefe kuwa, bakinta ƙasa yake kallo, domin daga kan tsauni ake harbin na ƙasa.

Da aka yi sulhu a 1783 garin yana hannun Ingila. A shekarar da aka yi hoton aka ba shi sarautar Lord Heathfield, ya rasu a 1790.

To, me ya sa aka zaɓi mabuɗi? Domin ba ƙasa ya ciwo ba, ajiya aka ba shi, ya tsare ta har ya mayar ba ta taɓu ba. Sarƙar nan ta ɗaure mabuɗi, ta kuma ɗaure hannun mai riƙe da shi. Duk wanda aka danƙa wa mabuɗi, ko na gari ko na akwati, haka sarƙar take a hannunsa, har ran da za a ce ya kawo lissafi.