Nazarin Musabbabin Wari a Tsarin Ruwan Sha na Jiragen Ruwa da Hanyoyin Kawar da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dalilan da ke sa ruwan daɗin da ake ajiyewa a tankin jirgin ruwa ya yi wari, da matakan da ke kawar da warin daga tushe. An dogara da ƙa'idojin tsaftar jiragen ruwa na ƙasa da ƙasa, da abin da ilimin ƙananan halittu ya tabbatar, da lissafin faɗin bangon da ruwa ke taɓawa a tanki da mesa. An gano cewa mafi yawan warin yana fitowa ne daga yauƙin bakteriya da ke manne a bango, musamman cikin mesa, don haka sauya ruwa kaɗai ba ya maganinsa. Maƙalar ta ba da shawarar a fara gano nau'in warin, sannan a goge, a jiƙa da kulorin bisa ma'auni, a kuma hana ruwa kwanciya.

Muhimman kalmomi: jirgin ruwa, tanki, mesa, yauƙin bakteriya, kulorin.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Matuƙin da ya bar jirginsa a ɗaure na makonni, ya dawo ya murɗa kan famfo, yakan ji bututu ya yi tari, ya tofar da iska, sannan ɗoyin baragurbin ƙwai ya cika ɗakin girki. Matsalar tsohuwa ce. A zamanin jiragen da iska ke turawa, a gangunan katako ake zuba ruwa, kuma kafin tafiya ta yi nisa ya fara wari. A farkon ƙarni na 19 rundunar ruwan Birtaniya ta fara komawa ga tankunan ƙarfe. Yau ana yin tanki da roba, ko alminiyum, ko ƙarfe marar tsatsa, amma warin bai kau ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da kundin jagora kan tsaftar jiragen ruwa a 1967, bugunsa na uku ya fito a 2011. Yarjejeniyar Ƙwadagon Ma'aikatan Teku ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta wajabta wa masu jirage su samar wa ma'aikata ingantaccen ruwan sha. Sai dai ƙananan jirage, irin masu jan manyan jirage a Apapa da Fatakwal da na masunta, ba sa tafiya da ɗakin gwaji. Hancin ma'aikaci shi ne na'urar farko. Manufar wannan nazari ita ce a bayyana abin da kowane wari ke nufi, da abin da ya kamata a yi bayan an ji shi.

2.0 Dabarun Nazari

An bi hanyoyi uku. Na farko, an karkasa warin gwargwadon abin da ke haifar da shi. Na biyu, an lissafa faɗin bangon da kowace lita ta ruwa ke taɓawa, inda aka ɗauki tanki mai daidaitattun kusurwoyi mai cin lita 200, da mesa mai faɗin baki milimita 13, wadda aka saba amfani da ita a ƙananan jirage. Na uku, an mayar da ma'aunin kulorin da hukumomi suka gindaya zuwa adadin bilic na gida da kowa zai iya aunawa.

3.0 Tushen Warin

3.1 Yauƙin bakteriya

Duk wadda ta taɓa wanke randa ta san santsin da ke zama a cikinta idan ta kwana biyu ba a goge ba. Wannan santsin gari ne na bakteriya. Antonie van Leeuwenhoek ya ga irin waɗannan halittu a dauɗar haƙori tun 1683, kuma a 1978 J. William Costerton da abokan aikinsa suka bayyana yadda bakteriya ke manne wa bango, su lulluɓe kansu da yauƙin da suke fitarwa. Yauƙin yana shanye kulorin tun daga sama, na ƙasa su tsira.

Lissafi ya nuna inda yauƙin ya fi samun mazauni. A tanki mai lita 200, kowace lita tana taɓa bango mai faɗin kimanin murabba'in santimita 100. A mesa mai milimita 13, lita guda tana cika tsawon mita 7.5, tana taɓa bango sama da murabba'in santimita 3,000, wato kusan ninki 30. Wannan ne ya sa kulorin ke saurin ƙarewa a mesa, kuma ruwan da ya fara fitowa da safe ya fi wari. Wanda ya wanke tanki ya bar mesa ya bar gidan cutar a tsaye.

3.2 Warin baragurbi

Iskar haidirojin salfaid ce ke kawo shi. Wasu bakteriya masu rayuwa inda babu iskar oksijin, waɗanda Martinus Beijerinck ya fara gano su a Holan a 1895, su ne ke sarrafa sinadarin salfet da ke cikin ruwa su mayar da shi wannan iska. Hanci yana jin ta tun tana miligiram 0.05 zuwa 0.1 a lita. Idan a ruwan zafi kaɗai ake jin warin, a duba hita: da yawansu suna da sandar magniziyam mai kare su daga tsatsa, kuma narkewar sandar tana taimaka wa waɗannan bakteriya. Haka nan ruwan teku yana ɗauke da salfet kimanin miligiram 2,700 a lita, saboda haka bayan gidan da ake korawa da ruwan gishiri kan yi wannan ɗoyi, a ɗora wa tankin ruwan sha laifin da ba nasa ba.

3.3 Warin ƙasa da fumfuna

Ƙamshin da ƙasa ke yi bayan ruwan fari daga sinadarin jiyosmin yake, wanda aka raɗa wa suna a 1965. A waje abin so ne, a kofin sha kuwa alama ce ta gansakuka ko bakteriyar ƙasa. Hanci yana kama shi a nanogiram 10 kacal cikin lita. Mesa mai garai-garai da haske ke ratsawa, da ruwan da aka ɗebo daga tafki, da bututun shan iskar tanki da ƙwari suka toshe, su ne manyan hanyoyinsa.

3.4 Warin roba

Wannan ba aikin halitta ba ne. Mesar ban-ruwan lambu tana sakin sinadaran da aka tausasa ta da su, musamman idan ta sha rana. Kulorin ba ya gyara ta, sauya ta ake yi da wadda aka ƙera don ruwan sha.

4.0 Hanyar Kawarwa

4.1 Gano wurin

A tari ruwa a kofin gilashi, a fita da shi waje a sansana. In warin ya ɓace, daga magudanar wanke-wanke yake. A kwatanta ruwan zafi da na sanyi, da na farkon buɗewa da wanda ya zuba na minti biyu, da na tanki da na famfon tashar da aka ɗiba. Waɗannan gwaje-gwaje ba sa cin ko kwabo, kuma suna hana ɓarnar magani.

4.2 Gogewa da jiƙawa

Shirin tsaftar jiragen ruwa na Hukumar Daƙile Cututtuka ta Amurka, wanda aka kafa a 1975, ya amince da kulorin miligiram 50 a lita na tsawon sa'o'i huɗu don tsabtace tanki. Bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari yana ba da wannan ma'auni idan an sa mililita 1 ga kowace lita, wato mililita 200 ga tanki mai lita 200. Mai ƙarfin kashi 3.5 yana buƙatar kusan mililita 290. Dole ya zama zallarsa, ba turare ba sabulu a ciki. Matakan su ne:

Na ɗaya, a kashe hita, a cire matatar gawayi, domin gawayi yana shanye kulorin. A kuma rufe hanyar na'urar tace ruwan teku, saboda kulorin yana lalata tantaninta.

Na biyu, a zubar da ruwan, a buɗe murfin tanki a goge bango da burushi, a share bututun shan iska.

Na uku, a dama bilic a bokitin ruwa kafin a zuba, sannan a cika tanki maƙil.

Na huɗu, a buɗe kowane kan famfo, har da na wanka da wanda ba a cika amfani da shi ba, sai an ji warin kulorin sannan a rufe.

Na biyar, bayan sa'o'i huɗu a gwada da takardar awon kulorin. Idan ya ƙare, yauƙi ya cinye shi, sai a maimaita.

Na shida, a zubar a tudu nesa da kogi, domin kulorin yana kashe kifi. A ɗauraye sau biyu ko uku, a sa sabuwar matata.

Mesar da cikinta ya yi baƙi ta wuce jiƙo, sai sauyi. Hita kuwa a kai ta digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, a maye sandar magniziyam da ta alminiyum mai haɗe da zinki.

5.0 Tattaunawa

Akwai masu ganin yawan bilic shi ne yawan tsafta. Ƙara ma'auni ko barin jiƙo ya wuce yini yana cin tankin alminiyum, yana huda ƙarfe marar tsatsa, yana busar da robobin injin tura ruwa. Ƙarfin kulorin kuma ya danganta da yanayin ruwan: a ma'aunin pH 7.5 kusan rabinsa ne ke cikin siffar da ta fi kashe bakteriya, a 8.5 kuwa kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Haɗa bilic da ruwan khal, da nufin kashe warin kulorin, yana fitar da iska mai guba, kuma ɗakin jirgi matsattse ne. Haka nan shiga babban tanki ba tare da an gwada iskarsa ba haɗari ne, domin idan haidirojin salfaid ya yi yawa yakan kashe jin wari gaba ɗaya.

Abu mafi muhimmanci shi ne rashin wari ba shaidar lafiya ba ne. Bakteriyar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya a 1976, ba ta da wari, kuma tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45. A ƙasashen sanyi warin ya fi tashi bayan jirgi ya yi hutun hunturu. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma kuwa, tankin da ke kusa da ɗakin inji yana cikin wannan ɗumi kusan shekara duka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami bakteriyar E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, kuma gwaji kaɗai ke tabbatar da haka.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa warin ruwan jirgi yana da tushe huɗu da ake iya bambancewa, kuma mesa ta fi tanki riƙe yauƙi. Bayan an tsabtace, rigakafi ya fi magani: a riƙe kulorin tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita a bakin famfo, a ajiye matatar gawayi a famfon sha maimakon mashigar tanki, a buɗe kowane famfo duk mako, a kuma zubar da ruwan idan jirgi zai daɗe a ɗaure. Ana kira ga masu jirage da hukumomin da ke duba su da su sanya wankin tanki da mesa cikin jadawalin gyara, kamar yadda ake sauya baƙin man inji, domin ma'aikacin da ke tsakiyar teku ba shi da wata rijiya sai wannan tanki.