Matakan Bloom da Tarihin Rubuta Manufar Darasi

Manufar darasi ita ce jimlar da malami ke rubutawa a shirin darasinsa don fayyace abin da ɗalibi zai iya yi idan aka tashi daga aji. A Najeriya kusan kullum hanya ɗaya take bi: a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya kaza da kaza. Duk wanda ya ratsa Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gombe, wadda aka kafa a 1977, sai ya iya tsara ta kafin ya fita koyarwar gwaji.

Masu shirya jarrabawa ne suka haife ta. Ralph Tyler na Jami'ar Chicago ya dage a littafinsa na 1949 cewa manufa ta bayyana canjin da ake son gani a ɗalibi, ba hidimar da malami zai yi ba. Shekara guda kafin nan, almajirinsa Benjamin Bloom ya zauna da wasu masu shirya jarrabawar jami'o'i a Boston. Suna son su riƙa musayar tambayoyi, amma idan wannan ya ce ɗalibi ya fahimta, abin da yake nufi daban da na wancan. Sai a 1956 suka fitar da littafin da ya jera tunani hawa shida: sani, fahimta, aiki da abin da aka koya, feɗe abu, harhaɗa sabo, da yanke hukunci. Mutum biyar ne suka rubuta shi, har da David Krathwohl, amma sunan Bloom kaɗai ya bi shi.

A ɗauki darasi kan zaizayar ƙasa, abin da yaran unguwar Arawa ba sa bukatar a zana musu a allo, tunda kwazazzabai sun daɗe suna cin unguwannin Gombe. A hawa na farko, yaro ya lissafa abubuwa uku da ke jawo ta. Idan an ɗan haura, ya bayyana da bakinsa yadda ruwan sama ke kwashe ƙasa mai yashi a gangare. Can sama kuwa, a ba shi dabaru biyu, dashen itatuwa da gina magudanar siminti, ya zaɓi wadda ta fi dacewa da layinsu, ya kuma kare zaɓinsa da hujja. Darasin bai canza ba, nauyin da aka ɗora wa ƙwaƙwalwar yaron ne ya ƙaru.

Robert Mager ya ƙara tsaurara ƙa'idar a 1962. A wurinsa kalmomi irin su sani da ganewa ba su aunuwa, don haka a rubuta aikin da ido zai gani, da yanayin da za a yi shi, da mizanin cin nasara. Wannan ne ya sa mai duba malamai ke jan layi da jan biro a ƙarƙashin "za su san".

Tsarin ya samu gindin zama a Najeriya ta hanyar horar da malamai, bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 wanda ya zo da auna ɗalibi a kai a kai. Gurbin da ke katin sakamako na makin tsafta, zuwa kan lokaci da kyan rubutu jikan aikin su Bloom ne: kashi na biyu na littafinsu, kan ɗabi'a, ya fito a 1964, na aikin hannu kuma wasu masana, irin su Elizabeth Simpson da Anita Harrow, suka cike shi a 1972.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sau da yawa abin ya tsaya a zaɓen kalma. Malami ya rubuta "su tantance", ya shiga aji mai cunkoso ya cika allo da rubutu, ranar jarrabawa ya ce a kawo guda biyar. Ba a raina hadda ba, ballantana a ƙasar alarammomi. Littafin 1956 ma ya ɗauke ta tushen sauran. Amma ko a zaure, mai karatun fiƙihu ba ya tsayawa a biya matani, sai ya warware mas'ala.

Bloom ya rasu a 1999. A 2001 Lorin Anderson da Krathwohl suka sabunta jerin, suka mayar da sunayen matakan kalmomin aiki, suka ɗora ƙirƙira a kan yanke hukunci. Har yau ana cin karo da jerin biyu, tsoho da sabo, a takardun darussan kwalejojin ilimi.