Wuta Daga Ruwa: Tarihin Samar da Lantarki a Nijeriya da Dangantakarsa da Sauyin Yanayi

1.0 Gabatarwa

Da lantarki ya shigo ƙasar Hausa, Bahaushe ya ari sunansa daga Ingilishi, amma ya jingina shi da abin da ya riga ya sani, ya ce "wutar lantarki". Shi ya sa har yau ake cewa an kawo wuta ko an ɗauke wuta. Sai dai wutar da ta daɗe tana haskaka garuruwan Arewa daga ruwa take fitowa. Wannan maƙala za ta bi sawun hanyoyin da Nijeriya ta bi wajen samar da lantarki, domin nuna cewa dangantakarsa da yanayi tafiya ce da dawowa: yadda ake samar da shi yana taɓa yanayi, yanayin kuma yana taɓa samuwarsa.

2.0 Yadda Ake Samar da Lantarki

A 1831 Maikel Farade na Ingila ya gano cewa in maganaɗisu yana motsi kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, lantarki yakan gudana a cikin wayar. A kan wannan ne aka gina manyan tashoshin lantarki, ban da masu amfani da hasken rana. Bambancinsu shi ne abin da ke juya farfelar injin. A wata tashar tururi ne, wanda ake samu ta hanyar ƙona kwal ko mai. A wata zafin ƙonewar iskar gas. A wata kuma nauyin ruwan da aka datse. Duk inda aka ƙona wani abu, iskar kabon takan tashi ta taru a sararin samaniya, ta riƙe zafin da ya kamata ya fice daga duniya. Wannan shi ne tushen ɗumamar yanayi.

3.0 Daga Ikko Zuwa Kainji

A 1896 aka fara kunna lantarki a Ikko, domin amfanin Turawan mulkin mallaka. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya yi amfani da ruwan Kurra wajen bai wa mahaƙan kuza na Jos wuta. A gabas kuwa, kwal ɗin da aka gano a yankin Inugu a 1909 shi ya riƙa ciyar da tashar Kogin Oji, wadda ta fara aiki a 1956. Mu da aiki ya kawo mu Kudu mun tarar da labarin kwal a bakin tsofaffi kawai, domin man fetur da yaƙin basasa sun durƙusar da sana'ar.

Babban sauyi ya zo ne bayan samun mulkin kai. An kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962, aka fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. An tsara ta da injuna 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Wutar ba ta zo a banza ba: tafkin da ya taru ya cinye tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka tashi fiye da mutum 40,000. A 1972 aka haɗe hukumomin lantarki aka sami NEPA. Daga bisani madatsar Jebba ta biyo a 1985, ta Shiroro a 1990.

4.0 Kogi da Sararin Samaniya

Sau biyu tafkin Kainji yake samun cika a shekara. Akwai cikar farin ruwa, mai laka, wadda daminar kusa take kawowa daga wajen Agusta. Akwai kuma cikar baƙin ruwa, wadda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ta yi jinkiri a fadamun Masina na Mali, ta zubar da lakarta, sannan ta iso da hunturu. Ke nan fitilar Sakkwato tana rataye da ruwan saman da aka yi a Gini.

An ga haka a farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya fi shi tsanani a 1983 da 1984. A watan Yunin 1985 sai da Kwara ya daina gudu a Yamai. Ruwan tafki ya ja baya, wutar da Kainji ke bayarwa ta ragu. Masana sun danganta wannan fari da sauyin ɗumin tekuna, da yawansu kuma suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki.

Mafitar da ƙasa ta kama ita ce iskar gas, kamar tashar Egbin kusa da Ikko mai megawat 1,320, har gas ya zama shi ke ba da kaso mafi tsoka na wutar ƙasa. Inda wuta ta gaza kuwa, janareta ya cike gurbi a gidaje da kasuwanni. Wato an gudu daga sharrin fari, an faɗa ga ƙone-ƙonen da ke ƙara dagula yanayi.

5.0 Kammalawa

Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Paris ta 2015, kuma a taron Gilasgo na 2021 ta yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060. Hayaƙinta kaɗan ne in aka kwatanta da na Sin ko Amurka, amma ɓarnar yanayi ba ta tambayar wanda ya hura wutar. Darasin Kainji shi ne, ƙasar da ta dogara ga hanya ɗaya, ko ruwa ko gas, ta ɗaura guga da igiya guda. Arewa tana da rana isasshiya, kuma farantan hasken rana sun riga sun hau rufin gidaje da asibitoci. Ya rage ga masana harshe su samar wa manomi da masunci kalmomin da za su tattauna wannan al'amari da su, domin su ne farkon waɗanda ke ji a jikinsu in kogi ya ja baya.