Tsoron da Ya Hau da Mutanen Zuru Kan Dutse

A yau idan matashi ya ce zai hau duwatsun ƙasar Zuru, yawon buɗe ido yake nufi, ko gwada ƙarfin zuciya. Kakanninsa kuwa tsoro ne ya kai su can, kuma ba su ɗauke shi abin kunya ba.

A ƙarni na 19 ƙasar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da maƙwabtansu Fakkawa da Dukawa da Kambari, tana bakin hanyar mahara. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876. Ɗansa Ibrahim, Sarkin Sudan, ya ci gaba da kai farmakin kamun bayi har sunansa ya zama abin razana yara. Ƙarfin maharan nan doki ne, doki kuwa sarkin fili ne, da ya iso gindin dutse sai ya zama kaya. Saboda haka mutane suka kai gidaje da rumbuna sama, suna sauka gona da safe, kafin duhu su koma, mata na hawa da tulun ruwa a kafaɗa.

Ni da na bi irin wannan hanya, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙuncinta. Akwai inda mutum biyu ba za su wuce kafaɗa da kafaɗa ba. Dattijon da ke gabana, da takalmin roba a ƙafarsa, ya ga na manne da dutse ina leƙen ƙasa, sai ya ce, "Yaro, kalli inda za ka sa ƙafa, ƙasa ba gudu za ta yi ba." Gwiwata ba ta daina rawa nan take ba, amma na daina tsayawa. A sama muka tarar da tarin duwatsun da aka jera tushen ɗaki, da ramukan niƙa da hannun mata ya kwarkwashe a jikin fa. Macen da ta yi niƙa a nan da goyo a baya ba ta da lokacin jin jiri.

Turawan Ingila sun ci Kontagora a 1901. Hari ya lafa, amma saukowa ta ɗauki lokaci, don wanda ya ga an tafi da ɗan'uwansa a ɗaure ba ya yarda da alkawarin baƙo da wuri. A ganina a nan jarumtakar take: mutum ya gina ɗaki a fili, ya kwana ba dutse a bayansa. Gona ta kusa, da kasuwa, da ruwa su suka rinjaye su, Turawa ma sun fi son mai biyan haraji ya zauna inda za a ƙidaya shi.

Tarbiyyar dutsen dai ta sauko tare da su. Saurayi na yin golmo, noman shekara bakwai a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, ga kokawa, ga bikin Uhola bayan girbi. Masu ɗaukar soja sun lura da wannan juriya tun zamanin mulkin mallaka, shi ya sa kaki ya zama kamar gado a Zuru. Daga nan Janar Ishaya Bamaiyi, shugaban sojojin ƙasa daga 1996 zuwa 1999, ya fito, haka ma Manjo Janar Sani Sami, wanda daga baya ya zama Sarkin Zuru.

Yanzu mahara sun dawo ƙasar, a Sakaba da Danko-Wasagu musamman, amma a kan babura, da bindigogin da ke cin nesa. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60. Dutsen da ya gagari doki ba ya iya tare harsashi, kuma daji ya koma maɓoyar ɓarayin. Mutanen ƙauye idan sun gudu yau, cikin garin Zuru suke nufa, su sauka a gidajen dangi da azuzuwan makaranta.