Yadda Aka Kashe Wutar Yaƙin Mozambik a Birnin Rum

Yaƙin basasar Mozambik ya ɓarke a 1977, shekara biyu bayan ƙasar ta sami 'yanci daga Fotugal, tsakanin gwamnatin Frelimo da 'yan tawayen Renamo, waɗanda Rodeshiya ta fara ɗaure wa gindi kafin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta gaje ta. An ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan ɗaya ne suka salwanta. A Yulin 1990 wata ƙungiyar Katolika mai suna Sant'Egidio ta zaunar da ɓangarorin biyu a wani tsohon gidan ibada a Rum, tare da Babban Bishop Jaime Gonçalves na Beira da Mario Raffaelli mai wakiltar gwamnatin Italiya. Masu shiga tsakanin ba su da soja, ba su da takunkumin da za su yi barazana da shi, sai haƙuri. Zama goma sha ɗaya aka yi kafin shugaban ƙasa Joaquim Chissano da jagoran Renamo Afonso Dhlakama su sa hannu ranar 4 ga Oktoba, 1992. A ganina, ƙarfin wannan sulhu ya zo ne daga abin da aka yi da kuɗin agaji bayan sa hannu, domin an tanadar wa mai riƙe da bindiga abin dogaro idan ya ajiye ta.

Wani zai ce gajiya ce ta kashe yaƙin, ga farin 1992, ga Yaƙin Cacar Baki ya ƙare, iyayen gidan kowa sun janye hannu. Haka ne, amma Angola ma ta gaji, ta yi sulhu a 1991, aka yi zaɓe a 1992 kowa da rundunarsa a hannu, jagoran 'yan tawaye Jonas Savimbi ya faɗi, ya koma daji. A Mozambik kuwa, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Aldo Ajello ta jinkirta zaɓe har zuwa Oktoban 1994, aka tattara mayaƙa aka sallame su da alawus na wata-wata, aka kuma buɗe asusu don Renamo ta zama jam'iyya mai ofis da motocin yaƙin neman zaɓe. Da Dhlakama ya ce ya janye ana gab da jefa ƙuri'a, jakadu suka yi ta lallashinsa har ya dawo. Ya sha kaye, jam'iyyarsa ta sami kujeru 112 cikin 250, ta shiga majalisa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haƙƙin ɗan'adam. An yi afuwa ga kowa, ba a gurfanar da waɗanda suka yi kisan kiyashin garin Homoine na 1987 ba, kuma ba a karɓe makamai duka ba, shi ya sa Renamo ta sake ɗaukar bindiga a 2013, sai da aka sabunta sulhu a 2019. Wannan babban giɓi ne, kuma tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata kason laifin, don ta yi gaggawar tattara kayanta da zarar an gama zaɓe. Duk da haka sulhun Rum ya ba miliyoyin 'yan gudun hijira damar komawa gonakinsu, ƙasar kuma ta yi shekara ashirin ba a gwabza yaƙi ba.