Asalin Sunan Junaidu

Sunan Junaidu ya yi ƙaranci a garuruwanmu, har wasu matasa suna gudunsa, wai ya yi kama da jinnu. To, babu abin da ya gama su.

Asalinsa Larabci ne, daga jundu, watau runduna. Junaidu kuwa ƙaramin soja ke nan.

Wanda ya ɗaukaka sunan shi ne Shehu Junaidu na Bagadaza, wanda ya rasu a 910. Ya yi karatu wurin kawunsa Sariyyu Saƙaɗi. Ya koyar cewa ba a karɓar sufanci sai ya bi Alƙur'ani da Sunna. Salsalar Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a 1166, ta biyo ta kansa. Ita ce ɗariƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, a 1754. Shi ya sa malamanmu suke girmama sunan. Waziri Junaidu na Sakkwato, masanin tarihi da ya rasu a 1997, takwaransa ne.

Saboda haka in an zo raɗin suna, dattawa ku tunasar da mu, kada ya ɓace a hannunmu. Allah ya sa mu dace, amin.