Igiyar da Ta Zama Ido

Mun saba ɗaukar tarihin nutso a matsayin tarihin numfashi. Amma duk wanda ya san kogi a tsakiyar damina ya san akwai wata matsalar: ruwan da ko tafin hannunka ba ka iya gani a cikinsa.

A 1935, lokacin da Graham Balcombe da Penelope Powell suka nutsa cikin kogon Wookey Hole a Ingila, ta dogon bututu ake turo musu iska daga baki. Nauyi ne, amma duk inda suka shiga, bututun na haɗe da su. A 1943 Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ya goya. Ya sami 'yanci, ya kuma rasa abin da zai bi ya koma.

Da yawa sun halaka a haka. Mutum zai shiga kogo ruwa garau, ƙafarsa ta taɓa laka sau ɗaya, komai ya turnuƙe. Fitila ba ta da amfani, sai dai ta dawo masa da haskenta kamar fitilar mota cikin hazo. Yana lalube har iskarsa ta ƙare, wani lokaci dab da mafita.

A 1979 wani Ba'amurke, Sheck Exley, ya bi diddigin irin waɗannan mace-mace, ya fitar da ɗan littafi mai ƙa'idoji. Biyu daga ciki: a ja igiya marar yankewa tun daga bakin ruwa, sannan a kasa iska uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana.

Mun ga amfanin wannan a Tailan. Ranar 23 ga Yuni, 2018, ambaliya ta rutsa da yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu a kogon Tham Luang. Cikin ruwa mai kama da kunu, 'yan Birtaniya John Volanthen da Rick Stanton suka yi ta jan igiya har suka iske su da rai ranar 2 ga Yuli. Ranar 6, Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu bayan ya kai tukwanen iska ciki. Daga ranar 8 zuwa 10 aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, bayan likita Richard Harris ya yi musu allurar barci don kada su firgita. Kowane mai nutso hannu ɗaya na riƙe da yaro, ɗaya na kan igiya.

Mu da muka kalla a waya, fuskokin yaran muka riƙe. Igiyar kuwa, waɗanda suka ɓace a duhun ruwa shekaru da dama kafin nan ne suka biya kuɗinta da rayukansu.